Wa da Ƙane a Bakin Rijiya

An yi wasu masu haƙar rijiya su biyu, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan ke shiga rami, ƙanen ke riƙe igiya a baki yana janye ƙasa da guga. Wan ya san ƙasa kamar yunwar cikinsa. Ya murza yumɓu a yatsa ya gaya maka gaba nawa ya rage a cim ma ruwa. Boko kuwa sai dai ya haɗa baƙi da ƙyar, yatsa na bin layi. Ƙanen ya ɗan taɓa makaranta, don haka duk saƙon da ya shigo wayar wan, shi ake miƙa wa ya duba. Ana nan matar ƙanen ta haifi namiji. Ranar suna ya sa wa yaron sunan surukinsa, ya tsallake na mahaifinsu da ke kabari. Abin ya yi wa wan zafi. Ya ci naman suna, ya wanke hannu, ya tashi. Washegari ƙanen ya gaishe shi, ya kau da kai. Da aka yi haka sau uku, ƙanen ma ya kama bakinsa. Aiki dai ba su bari ba, tunda ciki ba ya gaba. In wan na ƙasa yana so a ja guga, ya girgiza igiya sau ɗaya. In a sauko da ita ne, sau biyu. Wata bakwai cur igiya ke yi musu magana.

To, akwai wani ƙauye da matansa ke tafiya mai nisa ɗiban ruwa a rafi. Mutanen suka yi karo-karo, mai kaza ya sayar, mai akuya ya sayar, suka tura wa wan kuɗin siminti da rodin ɗaure rijiya ta asusun wayarsa, don shi ne babba, kuma ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba. Ran da ƙasa ta fara danshi, ya fito hutun azahar jiki duk taɓo, sai waya ta yi ƙara, saƙo ya shigo. Wai daga kamfanin da ke ajiye kuɗin ne, wai za a rufe asusunsa kafin la'asar in bai kira lamba kaza ba. Ya bi layin da yatsa sau uku, don kuɗin ba nasa ba ne. Ya ɗaga kai. Ga ƙanen nan taku biyar, ya ba shi baya yana shan fura. Har hannu ya miƙa wayar saboda sabo, sai ya tuna ranar suna, ya janye. Ya zaga bayan tulin ƙasa ya kira. Murya mai ladabi ta ɗauka: "Sannu da aiki, Baba. Kada ka damu, yanzu za mu gyara maka. Wasu lambobi za su shigo, ka karanto mini, sannan ka faɗi ta sirrin." Rabon da wani ya yi masa magana mai laushi haka, an jima. Ya karanto su tsaf, ɗaya bayan ɗaya, har da godiya. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma rami hankalinsa kwance. Dubi wauta, don Allah: mutumin da ya ba wa ransa ya riƙe a bakin rijiya, shi ya hana wa ganin layi biyu na rubutu.

Ranar kasuwa ya je sayen siminti, mai cire wa mutane kuɗi ya danna, ya sake dannawa, ya ce, "Malam, babu ko kwabo." Wan ya shiga mota zuwa ofishin kamfanin a birni, suka ce su ba sa tambayar kowa lambar sirri, kuɗin kuma ya riga ya bi hannu ya ɓace. Ya dawo gida. A ranar dole ta buɗe masa baki, ya tsaya a ƙofar ƙanen ya faɗi abin da ya faru. Ƙanen ya zaro tasa wayar ya nuna masa. Saƙon ne, kalma ba ta bambanta ba. Ya ce, "Yaya, kwana biyu kafin naka ya zo mini. Ina gani na san 'yan damfara ne. Na buɗe baki zan gaya maka, sai na tuna ba ka amsa gaisuwata."

Suka sayar da bijimin nomansu suka mayar wa ƙauye kuɗinsa, amma kafin a yi haka damina ta faɗi. Rijiyar da ba a ɗaure ba ta rufta, matan suka koma rafi da tulunansu. Daga nan ba wanda ya sake ba su kuɗin aiki tun ba a ga siminti a ƙasa ba. Shi ɓarawon bai san su ba, bai san an yi suna ba, bai san ana gaba ba. Mutum dubu ya tura wa saƙon nan. Inda ake nuna wa juna, aka yi tsaki aka goge. Shi ya sa manya suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.