Gidan da Ya Toshe Rariya

Yau kwana tara ke nan ina juya wata magana a raina. Ɗana Tasi'u ya nuna mini zanen gida a wayarsa, bene mai gilashi daga sama har ƙasa, wai shi zai gina mini a filin mahaifinsa na bakin kogi, a tsakiyar mutanen da muka yi shekara talatin muna ɗiban wuta a murhun juna. Na ce masa ya yi kyau, don kuwa ya yi kyan. Da na kai wa Gwaggo Tabawa, ƙanwar babana, maganar, sai ta gyara zama ta ce, "Matso, 'yar nan, in ba ki misali." Ga shi yadda ta ba ni.

An yi wata mai ginin tukwane a wata unguwa ta bakin kogi. Mutanen unguwar suna da al'ada tun kaka da kakanni. Kowane gida yana barin rariya a gindin katanga, in ruwa ya hau ya shiga gidan wannan ya fita ta gidan wancan har ya koma inda ya fito, kowa ya ɗan jiƙe, ba wanda ya nutse. In ruwa ya janye kuma a yi gayya, a kafa turaku a gaɓa, a jera buhunan yashi, a dasa jema, ciyawar nan da saiwarta ke riƙe ƙasa. To, ɗan mai tukwanen ya je birni, Allah ya buɗa masa, ya dawo da niyyar fitar da uwarsa daga ɗakin ƙasa. Niyya kam tagari ce, wannan ba mai ƙwace masa. Ya sa aka yi ciko har filin ya fi na kowa tudu da kamu uku, aka zagaye da katangar siminti ba ko huda ɗaya, aka sare jemar da ke gaba don kada ta tare kallon ruwa. Uwar tana tsaye ranar da magini ya ɗora bulo a kan tsohuwar rariya. Ita da ta tsufa tana cuɗa yumɓu da ruwa, ta san abin da ta gani. Ta buɗe baki, sai ta dubi fuskar ɗanta cike da murna, ta haɗiye maganar. Unguwa ta rabu biyu. Wasu na cewa yaro ya fitar da su kunya, ga baƙi har tsayawa suke ɗaukar hoto. Matan maƙwabta kuwa suka koma yafa mayafi a tsakar gidajensu saboda tagogin bene. Wani tsohon masunci da suka haɗa katanga da ita cewa kawai ya yi, "Gida ya yi kyau, sai dai ƙeya ya juya mana."

Damina ta yi, ruwa ya hau kamar yadda ya saba, ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya kwanta a gidajen maƙwabta. Daga tagar bene mai tukwanen ta ga katangar masuncin ta jiƙe ta zauna, kamar ɗanyar tukunya da aka manta a ruwan sama. Ba wanda ya zo faɗa. Da ruwa ya janye, gida-gida suka kwashe kwanon rufinsu da azararsu suka koma tudu. Rani ya wuce ba a yi gayya ba, don babu masu yi. Ɗan ya ɗauko leburori suka zuba siminti a gaban gidansa kaɗai, amma kogi bai san iyakar fili ba, ya bi ta kangon maƙwabta yana ci ta ƙarƙashi. A damina ta uku, da hantsi, tana shanya, ta ji wata ƙara da ta sani sarai, irin wadda tukunya ke yi in ta fashe a wuta. Ta ɗaga kai ta ga tsaga tun daga bene har tushe. Ta fita ƙofa tana ƙwala kiran maƙwabta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda bakinta ya saba, ba mai amsawa sai ruwa. Ita da ɗan suka fitar da abin da hannu huɗu ke iya ɗauka, kafin la'asar rabin gidan yana cikin kogi. Masuncin nan ne ya ba ta ɗaki a tudu. Har ta koma ga Allah bai tayar mata da zancen rariya ba, shirun nan nasa kuwa ya fi mata rushewar gidan ciwo.

Nan Gwaggo ta tsaya, ta ci gaba da jan carbinta.

Ran Asabar tifa za ta fara sauke ƙasar ciko. Tasi'u yaro ne mai jin ƙaina, tun rasuwar mahaifinsa yake cewa sai ya raba ni da tarar yoyon ɗaki da daro. Ina tsoron in yi magana ya ce na raina ƙoƙarinsa, ni da ko zanen ban iya karantawa ba sai an nuna mini ina ne ƙofa. Ku da kuke karantawa, don Allah ya zan yi? In haɗiye kamar mai tukwane, ko in zaunar da shi in tuna masa abin da Hausawa suka faɗa tun ba a haife mu ba, cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka?