Masu Tsinko wa Inna Mangwaro

Ɗan wata tsohuwa yana kunna albarushin biki, garken tsuntsayen aku suka watse daga dogon mangwaron dajin bayan ƙauyenmu, suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Lawos.

"Inna, na kore miki maɓarnata," in ji ɗan tsohuwar, da ya zo hutu daga birnin Kunming. "Cizo ɗaya, su yar! Bana duk naki ne."

Ta bi garken da kallo.

Har damina ta yi nisa ba su dawo ba. Mangwaro ya nuna can ƙololuwa, sai ya ruɓe yake faɗowa.

Da ya sake zuwa, ya tarar da ita a gindin bishiyar, kwandonta wayam.

"Ɗan nan, tun rasuwar babanka su ke tsinko min," ta ce, idonta a sama. "Tunda ka kore su, hau mana."