Faɗuwar da Ta Sayar da Tikiti

Ana tsakiyar rawar masoya na yi tsalle, abokin rawana bai cafe ni ba. Na ji ƙafata ta yi ƙas. 'Yan kallo suka miƙe suna tafi, wasu har da hawaye. Shekara da shekaru ina rawa, ba a taɓa miƙe mini ba.

Washegari mai sharhi a jarida ya ce wasan duk lami ne, ban da faɗuwar: "Nan muka ga yadda so ke karya mutum." Tikiti ya ƙare kaf.

Darakta ya zo asibiti, wata budurwa na biye da shi. Na ɗauka dubiya ce.

"Sannu da jiki," in ji shi. "Ga wadda za ta maye gurbinki. Daure ki koya mata faɗuwar."