Jinin da Ta Hana Shi Bayarwa

"Himokuromatosis," in ji likitan. "Wato sinadarin ƙarfe ya yi wa jinin mijinki yawa, har ya fara taɓa hantarsa."

Zama ya gagare ta. Ta miƙe, ta koma, tana murza maɓallin rigar ruwanta. Ita ce ta hana shi zuwa birnin Galway ba da jini tun da ya yi ritaya. "Sun tsotse ka, tsoho!" haka take ce masa. Kullum sai ta soya masa hanta, wai ya murmure, ashe ƙarfen take ƙara masa.

"To, mene ne maganin, likita?"

"Mu riƙa ɗibar jininsa. Ai bayarwar da yake yi a da ce ta riƙe shi."

Mijin ya naɗe hannun riga, ya kamo yatsunta.

"Yau dai dankali kawai za ki dafa, tsohuwa."