Ragon Suna da Ƙofar Salula

Mahauci na cikin wasa wuƙa aka ankara ragon suna ba ya kan turkensa.

Uban jaririya ya tsaya tsakar gida, gumi na keto masa. Baƙi sun cika tabarmi, wasu tun daga Azagor, ga kuma ƙofar ƙarfen da ya sayo a Maraɗi a wangale. Ita ce ƙofar da ya ishi gari da zancenta: ba kwaɗo, ba makulli, salularsa kaɗai take ji. To yau me zai yanka wa ɗiyarsa ta fari?

Sai ga taubashiyarsa ta shigo tana jan ragon, ta ɗaura masa kallabi, tana dariya har da riƙe ciki.

"Bawana, ga kayanka. Tun asuba yake cin dusa gidana."

"Ke, ɓarauniya! Ta ina kika shigo?"

"Ta ƙofa mana. Ba kai ka ba ni kod ɗin wifinka, lambar sirrin nan, ba? Ai duk wanda ya hau wifin nan, ƙofarka tana amsa mai. Kai kuwa ba ka iya hana baƙo ruwa, balle kod."

Ya sauke ajiyar zuciya, dariya ta kuɓuce masa. Ya juya wajen taron.

"Don Allah, wa da wa ke da kod ɗin nan?"

Can sai salula ta fara tashi sama, ɗaya bayan ɗaya, sahu bayan sahu. Daga gaba liman ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai, ya laluba aljihu, ya ɗaga tasa.