Ƙas-ƙas ɗin Baba

"Har yanzu yana ƙas-ƙas," in ji Baba, ya kara kunne a jikin injin.

Haushi ya turnuƙe autan nasa. Ya sauke injin tsohuwar motar nan ya sake haɗawa, ya saita bawul har hannunsa ya haddace: a ɗaure noti sai sandar ta daina wasa, a ƙara rabin juyi. Sun yi da Baba injin na yin shiru zai koma bakin aikinsa, ga hutu ya ƙare.

"Baba, ko dai haƙoranka ne ke kaɗawa?"

"Bar shaƙiyanci. Sake buɗewa."

"Motar fa a kashe take. Ga makullin a hannuna."

Tsohon ya saci kallon jakar tafiyar da ke bakin gareji.

"Ai da sanyin safiya ya fi fitowa. Kwana ka ji."