Tsinken Kurkunu

Daminar shekarar da naira ta fito, kurkunu ya kama Baba. Ina 'yar shekara tara. Bayan la'asar ya dafa kafaɗata muka gangara tafkin bayan gari a Yashe, ni da tulu, shi yana ɗingishi. Ciyawa ta cinye geronmu, amma bai ko waiwayi gonar ba.

A idon sawunsa akwai tsinken ashana da aka naɗe farar tsutsar a jiki. Kullum kaɗan ake murzawa, don in ta tsinke ƙafar kumbura take.

Na ce, "Baba, in fizgo ta gaba ɗaya mana."

Ya ce, "Kul! Ba a yi wa kurkunu gaggawa, ɗiyata."

Ya zauna bakin ruwa, ya tsoma ƙafar har ƙwauri, ya lumshe ido. "Alhamdu lillahi. Nan kaɗai wutar nan ke mutuwa." Na ga wani abu kamar tsinkakken nono yana fita daga gyambon yana bin ruwa. Ya ce in ɗiba kusa da shi kada in shiga laka. Na cika tulu.

Sai da na girma wani malamin asibiti a Kankiya ya gaya mini 'ya'yan tsutsar ne na gani, kuma tace ruwa da ƙyalle ya isa magani. Ga shi kuwa da ɗankwali a kaina ranar.

Da damina ta zagayo bayan wannan zuwa tafki namu, mu huɗu a gidanmu muka kwanta da kurkunu, har Inna. Ni na ɗauko mana shi a ka.